Jarrabawar da Babu Mai Tsaronta

A garin Berekuso, can kan tuddai a arewa da birnin Accra na ƙasar Gana, akwai jami'ar da idan ranar jarrabawa ta zo, malami zai raba takardu, ya faɗi lokacin tashi, sannan ya fita ya bar ɗalibai su kaɗai. Ba mai zagaye tsakanin kujeru, ba mai lalube aljihu. Idan ɗalibi ya gama, akwai wurin da zai sa hannu cewa bai karɓi taimakon kowa ba, bai taimaki kowa ba, bai kuma ga wani ya yi hakan ba. Wanda idonsa ya ga abin da bai dace ba yana da gurbin da zai nuna cewa da gangan ya ƙi sa hannun, daga nan kuma sai a bi diddigi. Sunan jami'ar Ashesi. Mai zaman kanta ce, kuma da fannin kasuwanci da na kwamfuta ta buɗe ƙofarta a 2002.

Labarinta ya dace da kunnen duk matashin da ya gama sakandare yana laluben inda zai nufa, musamman wanda gidansu ke shirin sayar da fili ko shanu don a kai shi jami'ar kuɗi. A 1999 Najeriya ta ba jami'o'i masu zaman kansu uku na farko lasisi, wato Igbinedion da Babcock da Madonna. Yau sun haura 100. Yajin aikin da malaman jami'o'in gwamnati suka yi na wata 8 a 2022 ya ƙara kora iyaye zuwa gare su. Kowacce kuma tana da takardar talla mai sheƙi, da hoton ɗalibai suna murmushi a kan ciyawa, da wani sashe da ke bayyana manufarta da aƙidojinta. Wanda ya tara irin waɗannan takardu guda goma ya jera su zai tarar kalmomin kusan ɗaya ne: gaskiya, nagarta, shugabanci, ƙirƙira, hidima ga al'umma. Tunda kowa ya iya rubuta su, tambayar da ta rage wa matashi ita ce yadda zai gane wadda ta rubuta da niyyar cikawa.

Duniyar kasuwanci ta sha ganin kyawawan kalmomi a bango. Kamfanin makamashi na Enron da ke birnin Houston a Amurka ya kasance yana da aƙidoji huɗu da yake bugawa a rahotonsa na shekara: mutunta juna, riƙon gaskiya, bayyana magana a fili, da ƙwarewa. A 2000 ya buga kundin ɗa'ar aiki mai shafi sama da 60. A Disamban 2001 ya durƙushe, bayan an gano ya daɗe yana ɓoye basussuka yana nuna ribar da babu ita. Dubban ma'aikata suka rasa aikinsu da kuɗin fanshonsu. Jeffrey Skilling, wanda ya shugabanci kamfanin, ya yi digirinsa na biyu a makarantar kasuwanci ta Harvard, ya gama a 1979. A 2006 kotu ta ɗaure shi shekara 24, daga baya aka rage zuwa 14. Ilimin lissafin kuɗi bai yi masa ƙaranci ba ko kaɗan, da shi ma aka ƙulla damfarar. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, wasu ɗaliban wannan makaranta da ke gamawa a 2009 sai da suka tsara wa kansu rantsuwar riƙon amana irin ta likitoci, ɗaruruwa suka sa hannu, saboda sun ga yadda sunan sana'arsu ya zube.

Wata uku bayan faɗuwar Enron, a Maris na 2002, Ashesi ta fara karatu da ɗalibai 30 a wani gidan haya da ke unguwar Labone a Accra. Mutumin da ya kafa ta, Patrick Awuah, an haife shi a 1965, ya yi sakandare a Achimota, ya samu tallafin karatu zuwa kwalejin Swarthmore a Amurka a 1985, inda ya karanta injiniyanci da tattalin arziki. Daga nan ya shiga Microsoft ya yi shekara 8, a lokacin da kamfanin ke bunƙasa har kuɗin da yake samu a shekara ya zarce na tattalin arzikin Gana gaba ɗayansa. Ya samu dukiya, ya yi aure, ya zauna. Kisan kiyashin Ruwanda na 1994 da haihuwar ɗansa na fari jim kaɗan bayan haka suka hana shi sakat: yaron zai tashi ana kallonsa da irin labarin da ke fitowa daga Afirka. A 1997 ya ajiye aiki, ya shiga makarantar kasuwanci ta Haas a Berkeley, inda shi da abokan karatunsa suka yi nazarin yiwuwar kafa jami'a a Gana. Kalmar Ashesi a harshen Akan tana nufin mafari.

Hujjarsa, kamar yadda ya bayyana a jawabin da ya yi a taron TED na Arusha a 2007, mai sauƙin fahimta ce. 'Yan ƙalilan ne cikin matasan Afirka ke samun shiga jami'a, kuma ko an so ko an ƙi, su ne nan da shekara 20 ko 30 za su riƙe asibitoci da bankuna da kotuna da ma'aikatu. Idan an horar da su a kan hadda da satar amsa da jin cewa ƙasa ce ke bin su bashin gata, haka za su yi mulki. Saboda haka manufar da Ashesi ta rubuta wa kanta ita ce tarbiyyar shugabanni masu ɗa'a da basirar kafa sana'a, masu zurfin tunani, masu damuwa da halin da wasu ke ciki, masu ƙarfin halin da gyaran nahiyar ke buƙata. Ta ɗora wannan a kan ginshiƙai uku: ilimi, shugabanci, da zama ɗan ƙasa nagari.

Har zuwa nan babu abin da wata jami'a ba za ta iya kwafa ba. Bambancin ya fito ne a abin da kalmomin suka jawo mata.

A 2008 ɗaliban, bayan doguwar muhawara a tsakaninsu, suka kaɗa ƙuri'ar karɓar tsarin jarrabawa ba tare da mai tsaro ba. Hukumar da ke tantance manyan makarantu a Gana ba ta yarda da abin ba, ta nemi a dakatar da shi, kuma ba za a ga laifinta ba: a yankin da ake jibge jami'an tsaro a harabar jarrabawa amma duk da haka amsa ta fita, wa zai yarda ɗaki cike da matasa zai zauna shiru ba mai leƙen na kusa da shi? Ga ƙaramar jami'a mai zaman kanta, saɓani da hukumar tantancewa magana ce ta rai da mutuwa, domin idan aka janye amincewa, kwalinta ya zama takardar tsire. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da masu tsaro a wuce wurin. Ɗalibai suka tsaya a kan bakansu, iyaye suka mara musu baya da wasiƙu, jami'ar ta kare tsarinta, har hukumar ta bari aka ci gaba. Tun daga lokacin, kowane sabon rukunin ɗalibai sai ya yi tasa muhawarar ya kaɗa tasa ƙuri'ar kafin a bar shi ya rubuta jarrabawa shi kaɗai. Wanda aka kama yana gurfana gaban kwamitin ladabtarwa da ɗalibai ke da wakilci a ciki, hukuncin kuma yana iya kaiwa ga faɗuwa a darasin, ko dakatarwa, ko kora. Duk ɗalibin da jami'ar kuɗi ta kora, kuɗin makarantarsa ta kora tare da shi. A nan ne ake gane aƙidar gaske: ranar da riƙe ta zai jawo asara, an riƙe ko an saki?

Akwai ɓangaren wannan tsari da ya fi kowanne nauyi, kuma bai kamata a ɓoye wa matashi shi ba. Kame kai daga satar amsa abu ne da mai tarbiyya zai iya. Faɗin abin da aboki ya yi shi ne dutsen da ba kowa ke iya ɗauka ba. Yaron da ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram ko Zangon Kumasi an koya masa rufa asirin ɗan'uwa, an koya masa cewa tona asiri da kai tsegumi halin banza ne, kuma wannan tarbiyya tana da kyau a muhallinta. Amma rufin asiri daban, haɗa baki a kan cuta daban. Akawun da ya ga abokin aikinsa yana cin kuɗin marayu ya yi shiru don kunya, ya zama abokin tarayya. Injiniyan da ya ga an rage siminti a ginin makaranta ya kau da kai, yana da kaso a ranar da rufin ya rufto. Ɗalibin da aka sa ya fuskanci wannan zaɓi yana ɗan shekara 19, a kan abin da bai wuce makin jarrabawa ba, ya samu horon da zai yi masa rana sa'ad da abin da ke kan tebur ya zama miliyoyi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a kai ga faɗa wa hukuma ma, wanda ya san abokinsa ba zai rufa masa a kan wannan ba, da wuya ya fara.

Tsarin karatun ma an gina shi a kan manufar. Ɗalibin kasuwanci ba ya tsayawa a lissafin riba da faɗuwa da dabarun talla. Yana ɗaukar darussan rubutu da lissafi da nazarin Afirka da rubuta manhajar kwamfuta, yana bin jerin darussan shugabanci da ke tafiya tare da shekarun karatunsa, kuma sai ya yi aikin hidima a cikin al'umma. A 2006 ɗaliban suka zaɓi mace, Yawa Hansen-Quao, ta shugabanci ƙungiyarsu, abin da ba a saba gani ba a jami'o'in ƙasar. A 2011 jami'ar ta koma mazauninta na dindindin a Berekuso, a 2015 ta buɗe fannin injiniyanci, a 2018 kuma gwamnatin Gana ta ba ta cikakken ikon ba da digiri da sunanta. Shi kansa Awuah ya karɓi kyautar gidauniyar MacArthur a 2015, da kyautar ilimi ta WISE a Ƙatar a 2017.

Ɗan Bahaushe da ya ji wannan labari kada ya ɗauka riƙon amana a kasuwanci wani sabon ilimi ne da aka shigo da shi daga Amurka. Ƙasar da Ashesi take ita ce ƙasar da fatakenmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa sarin goro, hanyar Gwanja, tafiyar watanni da jakuna a ƙarƙashin madugu. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, ya zauna a can, mahaifiyarsa ma ta zauna a Accra, kuma yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano ya juya ga gyaɗa, har a 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar azurfa kayan raƙumi 20. Wannan duk an gina shi ne a kan bashi da amana: a ba yaro jari ya shiga ƙauyuka, a ba baƙo masauki a wurin fatoma, dillali ya tsaya wa mai saye, a ɗauki shanu ko huhunan goro yau a biya bayan makonni ba tare da takarda ba. Wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa kowane zango, kasuwarsa ta mutu. Har gobe a Kantin Kwari da Kasuwar Singa da Dawanau ana ɗaukar kayan miliyoyi da magana ta baki.

Abin da jami'ar kasuwanci ta ƙwarai za ta ƙara wa ɗan irin wannan gida shi ne abin da amanar baki ba ta iya ɗauka ita kaɗai: yadda ake rubuta littafin shiga da fita da baƙon ido zai duba ya gamsu, yadda ake raba aljihun maigida da asusun kamfani, yadda ake ƙulla yarjejeniya da wanda ba a san asalinsa ba a Guangzhou ko Dubai, yadda dukiya za ta rayu bayan an raba gado. Gidajen kasuwanci nawa ne suka watse shekara biyu bayan rasuwar mai su, don komai yana cikin kansa? Matashin da ya dawo da digiri yana raina mahaifinsa don bai iya Turanci ba ya yi asarar kuɗin makaranta. Wanda ya dawo ya zauna a shago ya koyi yadda tsohon ke gane mutum daga gaisuwa, sannan ya ɗora masa tsarin da ya koyo, shi ne ya ci ribar gida biyu.

Sai maganar kuɗi, wadda takardun talla ba su cika son a daɗe a kanta ba. Jami'a mai zaman kanta da kuɗin ɗalibai take biyan albashi da man janareta. Wannan ba aibi ba ne, amma yana haifar da jarabawa ta kullum: ɗalibi ya koma abokin ciniki, abokin ciniki kuma ba a son ɓata masa rai. Daga nan ake fara sassauta maki, a ɗauki wanda bai cancanta ba, a yaye wanda bai koyi komai ba. Ƙarshen wannan hanya an gan shi a Disamban 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu kwalin digiri daga wata makaranta mai zaman kanta a Kwatano cikin mako 6, ba tare da ya zauna a aji ba, har ya yi amfani da shi ya shiga bautar ƙasa. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Jamhuriyar Benin da Togo. Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo su ne yaran da suka je can da gaske, iyayensu suka biya da gumi, suka dawo da takardar da ake kallo da zargi.

Ashesi an yi mata rajista ne a matsayin wadda ba ta neman riba, wato rarar da aka samu ba ta shiga aljihun wani, makarantar take komawa. Kuɗinta duk da haka yana da yawa, dubban daloli a shekara, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje a Gana, kuma wannan suka ce da ake yi mata da hujja. Amsar da ta bayar ita ce tallafi: a 2012 ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 13 da gidauniyar Mastercard don ɗaukar nauyin yara masu hazaƙa daga gidajen talakawa a ƙasashen Afirka daban-daban, kuma kusan rabin ɗalibanta na samun wani nau'i na tallafi. Jami'ar da ta ce tana son gyara al'umma amma ɗan mai gadinta ba shi da ko hanya ɗaya ta shiga ajinta, akwai gyara a maganarta.

A arewacin Najeriya ma an ga ranar da aka gwada wata manufa. Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, wadda Atiku Abubakar ya kafa a 2004, tana kiran kanta jami'ar raya al'umma, tana kuma da tsangayar kasuwanci. A ƙarshen 2014, bayan Boko Haram ta kama Mubi, jama'a suka kwararo Yola har suka nemi rinjayar mazauna garin, mafi yawansu kuma a gidajen dangi da masallatai da coci-coci suka sauka. Jami'ar, a ƙarƙashin shugabarta ta lokacin Margee Ensign, ta haɗa hannu da malaman Musulunci da na Kirista a ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa, suka yi watanni suna raba abinci ga sama da mutum 200,000, ɗalibai na cikin masu ɗaukar buhuna. Ta kuma karɓi wasu daga cikin 'yan matan Chibok da suka kuɓuta ta ci gaba da karantar da su. Ba wanda zai tuhume ta da a ce ta rufe ƙofa ta ce aikinta koyarwa ne kawai. Kalmar da ta rubuta ce ta hana ta.

Saboda haka matashin da za a kashe wa dukiya kada ya yarda a yi cinikin biri a sama. Ya fara tabbatar da cewa hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta amince da makarantar, ta kuma amince da ainihin fannin da zai karanta, domin abubuwa biyu ne daban. Sannan ya taka da ƙafarsa ya je, a ranar karatu, ba ranar bikin baƙi ba. Ya samu ɗaliban aji uku a wurin cin abinci ya tambaye su ko sun taɓa ganin an kori ɗan mai kuɗi saboda satar amsa, ko an taɓa sallamar malami don ya sayar da maki ko ya matsa wa ɗaliba. Ya tambayi malamai nawa ne nasu na dindindin, nawa ne ke zuwa daga wata jami'ar su yi awa biyu su wuce, kuma ko ana biyansu albashi a kan lokaci, don makarantar da ke danne haƙƙin malaminta ba ta da bakin koyar da ɗa'ar kasuwanci. Ya nemi sanin inda waɗanda suka gama shekara biyar da suka wuce suke yanzu, ya kira biyu ko uku ya ji daga bakinsu. Budurwa kuma ta ƙara da tambayar wurin da ake kai ƙara idan an ci zarafi, da abin da ya faru da ƙarar ƙarshe da aka kai. Makarantar da ke da amsa za ta ji daɗin tambayoyin. Wadda ta fara kame-kame ta riga ta ba da tata amsar.

Akwai kuma tambayar da zai yi wa kansa, wadda ta fi sauran wuya. Idan ya samu irin makarantar da yake nema, za ta nemi abu a wurinsa: ya rubuta aikinsa da kansa ko da manhajar da za ta rubuta masa tana cikin wayarsa, ya karɓi makin da ya samu ba tare da ya turo kawunsa ya yi magana ba, ya je ƙauye ya yi hidimar da ba a biya. Da yawa suna son kwalin makaranta mai tsauri amma da sauƙin makaranta mai sassauci.

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba jami'ar kuɗi za su je ba. Jami'ar Bayero za su, ko Ahmadu Bello, ko Abdou Moumouni a Yamai, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta jiharsu, inda aji ɗaya ke ɗaukar mutum ɗari biyar kuma masu tsaron jarrabawa ke tsaye a kowace kusurwa. Abin da ya faru a Ashesi bai fi ƙarfinsu ba, domin ba gini ko dala ne suka kawo shi ba. Ɗalibai ne suka zauna suka yi gardama, wasu na cewa ba zai yiwu ba, wasu na tsoron a ce da su 'yan tsegumi, har suka kai ga ƙuri'a. Abokai biyar da ke karatu tare a ɗakin kwana ɗaya suna iya yin irin wannan alkawari a tsakaninsu tun daga zangon farko: ba mai shiga da takarda, ba mai biyan a rubuta masa kundin kammalawa, kuma wanda ya ga ɗan'uwansa zai zame ya faɗa masa a fuska tun kafin ranar jarrabawa.